Roba mai zaren gilashi: dogon zare zan saya ko gajere?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'antar roba a Sharaɗa, Kano. Bokiti da kujeru muka saba bugawa, yanzu kuma an kawo mana aikin fanka da nailan mai zaren gilashi kashi 30 cikin 100. Dillali ya nuna mini iri biyu, mai gajeren zare da mai dogon zare. Na biyun ya fi tsada, wai ya fi ƙarfi. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Alhaji, dillalin bai yi ƙarya ba, sai dai injinka ne zai yanke hukunci. Aikin zaren gilashi a roba irin na ramno ne a ƙasar gini, idan ya rududduge riƙonsa ya ragu. Tsabar roba mai dogon zare takan kai milimita 10 zuwa 12, zaren kuma tsawonsa ɗaya da tsabar. Da wuya ya fito daga inji a haka. Sau da yawa milimita 1 zuwa 3 ke saura, idan an yi sakaci ma bai kai nan ba. Mai gajeren zare kuwa tun daga masana'antarsa an riga an daddatse shi, a cikin kaya bai fi milimita 0.2 zuwa 0.4 ba.

Mafi yawan ɓarnar a sukuru take, wato ƙarfen da ke juyawa cikin bututun inji yana tura roba gaba, daidai inda tsabar ke fara narkewa, wani sashe ya yi laushi wani yana da tauri, zaren ya maƙale a tsakani ya karye. Sai zoben bakin sukuru mai hana narkakkiyar roba komawa baya, sai kuma ƙofar mazubi, wato inda roba ke bi ta shiga mazubin, idan ta yi ƙunci ko tana da kwana mai kaifi. Injin da aka saita don bokiti, mai gudu da matsi, zai niƙe tsadadden zaren nan kafin ya isa mazubi.

Shawarata ka fara da mai gajeren zare. Ga fanka ya wadatar, kuma yana da haƙuri da injin da ba a yi dominsa ba. Idan mai aikin ya dage sai kayan da ke jure bugu, a nan dogon zare ke nuna kansa, amma to sai ka rage gudun sukuru, ka sauke matsin baya, wato matsin da ke kan roba lokacin da sukuru ke ja da baya, ƙasa sosai, ka ƙara zafi a sashen bututu na baya, inda tsabar ke shiga, don tsabar ta yi laushi da wuri, ka kuma faɗaɗa ƙofar mazubi. Ko wanne ka saya, gilashi yana cin ƙarfe. Ka ware kuɗin sukuru da bututu masu tauri tun yanzu. Nailan kuma yana shan danshi, musamman da damina, ka busar da shi a zafin digiri 80 na kamar awa 4 kafin ya shiga inji.

Tambaya: Rarar da muke yankewa da kayan da suka lalace, zan iya niƙawa in mayar kamar yadda muke yi da robar kujera?

Amsa: Za ka iya, amma kaɗan. Duk zagayen niƙa da narkarwa yana ƙara gajarta zaren, kuma ba ya komawa. Kada ta wuce kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na haɗin. Fanka tana juyawa kusa da mutane, don haka ni da zan so a bar niƙaƙƙiyar ga kayan da ba sa ɗaukar nauyi. Wadda ake sayarwa a buhu ba a san sau nawa ta zagaya ba, kada ka kai ta wannan aiki.

Tambaya: Yaya zan gane ko zaren ya tsira?

Amsa: Yanki guntu ka kai ɗakin gwaji a ƙone shi a tanda mai zafin digiri 600. Robar za ta tafi, gilashin ya rage. Idan zaren ya tsaya a sarƙe da siffar guntun, saitinka ya yi. Idan gari ya zube, koma kan gudun sukuru da matsin baya, ka sake gwadawa kafin ka yi odar buhuna da yawa.