Cire "indomi" daga salansa zai rage shan mai?

Malam, ka ce motarka ta fara shan mai, makanike kuma ya ce a cire abin nan na cikin salansa da suke kira indomi. Shawarata, kada ka yarda tukuna.

Aikinsa shi ne tace hayaƙi, ya rage gubar da ke fita, musamman iskar nan marar wari da ke kashe mutum a rufaffen wuri. Idan lafiyarsa ƙalau, cire shi ba zai rage maka ko lita ɗaya ba. Sai in ya toshe ne mota ke rasa ƙarfi, kuma toshewar tana da dalili: fulogi ya mutu, ko inji na ƙona baƙin mai. Ka cire shi, ciwon yana nan.

Ka kuma sani akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, irin su filatinam, shi ya sa wasu ke saurin ba da wannan shawara.

Fara duba fulogi, matatar iska, iskar tayoyi da na'urar auna iskar oksijin da ke jikin salansa. Sannan ka kai ta wurin mai duba mota da kwamfuta, ya karanta matsalar kafin a kwance komai.