Makami mai linzami yana zagaye jirgi amma baya samunsa

Ɗan'uwa, kace makamin da ka haɗa a gem ɗinka na Unity (manhajar haɗa gem) yana ta zagaye jirgin abokan gaba amma baya samunsa. Matsalar ita ce ka sa shi yana nufar inda jirgin yake yanzu, kamar kare da zomo, kullum a baya yake. Ka sa ya nufi inda jirgin zai kasance: raba nisan da ke tsakaninsu da gudun makamin ka samu lokaci, sai ka ninka lokacin da gudun jirgin ta inda ya dosa, ka ɗora kan wurin da yake, can za ka auna. Maimaita lissafin sau 2 ko 3 tunda nisan na canzawa, kuma ka saka shi cikin FixedUpdate, wato sashen kod ɗin da Unity ke maimaitawa a kan tsayayyen lokaci don lissafin motsi.

In kana so yayi kamar na gaske, duba saurin juyawar layin da ke tsakaninsu, makamin ya juya ninki 3 zuwa 5 na wannan. Amma don Allah ka sa masa iyakar juyawa da RotateTowards (umarnin Unity mai juya abu a hankali zuwa inda ake so), in ba haka ba ɗan wasan da aka harba wa makamin bazai taɓa iya kaucewa ba, gem ɗin ya daina daɗi.