Tambaya da Amsa: Wai da gaske ne naira ɗaya ta taɓa sayen sefa kusan 400?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan kasuwa ne ina kai kaya Maraɗi ta Jibiya, to kullum in na dawo ina ƙorafin canji sai Baba ya ce mu yaran yanzu ba mu ga komai ba, wai a zamaninsu naira uku ma ta fi jaka guda ta sefa. Ni dai na ɗauka irin labarin tsofaffi ne. Gaskiya ne? In gaskiya ne me ya faru sefa ta zo ta wuce mu haka? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka koma ka ba Baba haƙuri, bai ƙara gishiri ba. A 1980 dalar Amurka ɗaya wajen kobo 55 ce a farashin gwamnati, ita kuma sefa sai ka haɗa kamar 210 kafin ka samu dala, in ka buga lissafi za ka ga naira ɗaya tana kama sefa 380 da ɗan wani abu, jaka guda kuwa wato sefa 1,000 ba ta kai naira uku ba. Sai dai wannan farashin banki ne fa, a hannun 'yan canji na bakin boda naira ba ta kai haka ba ko a lokacin.

Amma inda na ɗan saɓa da kai shi ne da ka ce sefa ta wuce mu. Ita sefa ba gudu ta yi ba, a ɗaure take da kuɗin Turai tun ranar da aka haife ta, mu ne muka yi ta zamewa. Faransa ce ta ƙirƙiro ta a Disamba 1945 ta ɗaure ta da kuɗinta, daga 1960 sefa 50 ke daidai da faran ɗaya na Faransa kuma haka ta zauna shekara talatin da 'yan kai ba ta motsa ba sai a Janairu 1994 da aka taru a Dakar aka raba darajarta biyu dare ɗaya ta koma 100, ka tambayi duk wani dattijo a Damagaram ko Yamai yadda magani da kayan waje suka yi tashin gwauron zabi a shekarar. Da yuro ya zo a 1999 aka mayar da igiyar jikinsa, yuro ɗaya sefa 655.957, yau ma haka yake ko waƙafi bai canza ba. Shi ya sa in yuro ya hau sefa ta hau, in ya sauka ta sauka, Faransa ce ta tsaya mata, babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu sefa, wato BCEAO da ke Dakar, ne ke fitar da ita wa ƙasashe takwas. Wannan ɗaurin shi ne 'yan Nijar da yawa ke kuka da shi suna cewa mulkin mallaka ne bai ƙare ba, kuma suna da hujja, don ƙasa ba ta da ikon taɓa kuɗinta ko da kasuwarta na buƙata. Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS amma har yanzu sefar suke kashewa.

Naira kuma labarinta daban. Ranar 1 ga Janairu 1973 ta maye gurbin fam zamanin Gowon, fam ɗaya naira biyu, sule goma naira ɗaya, shi ya sa har gobe za ka ji tsohuwa a kasuwa ta ce fam goma tana nufin naira ashirin. Ta faɗo daidai lokacin da kuɗin mai ke kwarara, gwamnati na da dalar da za ta kare farashin da ta ga dama. Da mai ya karye a shekarun 1980 sai asiri ya tonu. Buhari ya canza launin kuɗi a Afrilu 1984 ya rufe boda, 'yan kasuwar ƙetare da yawa da ke da buhunan naira a ɗaka suka wayi gari da takarda. Babangida ya zo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986 aka fara gwanjon dala, kafin ka ce kwabo dala ta koma wajen naira huɗu. Zamanin Abacha farashi biyu ne ƙiri-ƙiri, gwamnati na cewa naira 22, kasuwa na cewa tamanin da wani abu, mai hanya ya karɓa a 22 ya tsallaka titi ya sayar, wallahi mutane sun yi kuɗi a tsakanin nan ba tare da sun ɗaga ko tsinke ba. Ko a lokacin ma jakar sefa ba ta kai naira 200 ba.

Sauran ka gani da idonka. 2016 dala ta bar naira 197, wajen ƙarshen 2021 naira da sefa suka yi kunnen doki a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, sannan Yuni 2023 gwamnatin Tinubu ta saki naira daga wajen 460 ta faɗa sama da 700, farkon 2024 ta haura 1,500, jaka ta wuce naira 2,000. Abin da ya sa kake ganin mutanen Maraɗi a Dawanau suna lodin hatsi hankali kwance kenan, kuɗinsu ne ya yi auki a wajenmu.

Wani abu da ke rikita sababbin 'yan kasuwa, kalmar jaka ɗin kanta. A wajenmu jaka fam ɗari ce wato naira 200, a Nijar kuwa jaka sefa 1,000, kuma su ba sa ƙirga da sefa ɗai-ɗai, da dala suke yi, dala ɗaya sefa biyar. In mai shayi a Ɗan Issa ya ce maka dala ashirin kar gabanka ya faɗi ka ɗauka ta Amurka yake nufi, sefa 100 ce kawai, miƙa masa ka sha shayinka.