Zomon daji da itacen kofi: wanne ya fi shiga haɗari?

Malam, ka tambaya yadda za a ce zomon Turai da itacen kofi na Arabika suna fuskantar ɓacewa alhali ga su ko'ina. Ƙungiyar IUCN, wato ƙungiyar duniya mai kare halittu daga ɓacewa, tana duba halin da suke ciki a mahaifarsu ne, kuma tun 2019 dukkansu suna rukunin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Kofin daji yana dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha, sare daji da ɗumamar yanayi ke cin sa. Zomo kuwa cututtuka biyu ne suka yi masa kisan kiyashi a mahaifarsa, wato Sifaniya da Fotugal, amma a Ostireliya ya zame wa manoma annoba.

Ni kofin ya fi damuna. Zomo da ya samu sarari zai hayayyafa, dajin da aka mayar gona kuwa sai an yi shekaru da yawa kafin ya dawo.