Na raba shinkafa, matasa sun ce neman suna nake

Tambaya: Ina da ƙaramin kamfanin ruwan leda a Kano. Da azumi mun raba buhunan shinkafa a unguwa, muka sa hotunan a Facebook, sai matasa suka yi ta cewa neman suna ne. Shin ba sa ganin alherin da kamfanoni ke yi ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Suna gani, sai dai akwai abin da suka riga gani kafin shinkafar. Ita rana ɗaya aka raba ta. Ledar ruwanka kuwa kullum saurayi yana tsallake ta a kwatar ƙofar gidansu, damina na zuwa ta toshe hanya, ruwa ya malale ɗakin mahaifiyarsa. Yana da aboki cikin masu yi maka lodi, ya san nawa ake biyansa, ya san ko albashi na fita a kan kari. Da wannan mudun yake auna ka.

Zarginsu ma yana da tushe. A watan Oktoban 2020 an fasa rumbuna a jihohi da dama, aka tarar da abincin tallafin korona jibge, har da wanda gamayyar kamfanoni ta CACOVID ta miƙa wa gwamnatoci, alhali mutane sun sha yunwa lokacin kulle. Yaran da suka kalli wannan a wayoyinsu su ne masu sayen ruwanka yau, kuma ban ga laifinsu ba in hoton buhu bai burge su ba.

Wajen saye, aljihu ne ke yanke hukunci, mai araha ake ɗauka. Amma in ransu ya ɓaci sukan juya baya gaba ɗaya. Kamfanin gidajen cin abinci na McDonald's da kansa ya amsa cewa ƙaurace masa da aka yi kan yaƙin Gaza ya taɓa cinikinsa a Gabas ta Tsakiya da Malesiya da Indonesiya.

Shawarata, ka ware kaso tsayayye daga ribarka duk shekara, kamar yadda MTN ke ware har kashi 1 cikin 100 ga gidauniyarsa. Ka fara da ledarka: ajiye sikeli a bakin kamfani, ka riƙa sayenta a kilo daga yaran unguwa, ka ba ƙungiyar matasa shebur da baro su yashe kwata kafin ruwan farko. Shinkafar azumi kuma a ci gaba da kai ta gida-gida bayan isha'i, ba tare da an ɗauki fuskar kowa ba.