Amsa ga mai dokin sukuwar da ke ramewa alhali ga masara a gabansa

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na ga tambayarka. Ka ce ka sayi ingarman da ya yi shekaru yana sukuwa a arewa, an sauke maka shi a unguwar Madina ta Ankara, babban birnin Gana, yana sheƙi, yanzu kuma haƙarƙarinsa na ƙirguwa daga nesa. Kana ba shi masara da dusa safe da yamma, har ka ƙara masa awo, amma sai ya ci kaɗan ya ɗaga kai ya koma gefe. In ka ja majayi ya juyo maka da haƙora, ga shi ya kama gatsar katakon barga. Kana son sanin ko olsa ce, da abin da za ka ƙara masa ya cika kafin hawan Sallah.

Ragewa za ka yi, ba ƙari ba. Masarar nan da kake tula masa tana cikin abin da ke cinye shi. Na tashi a gidan da ake turke dawaki a unguwar Nima, na kuma riƙe irin waɗannan da suka bar fage, kusan dukansu da wannan ciwon suke zuwa. Ba a nan kaɗai ba: inda likitoci suka leƙa cikin dawakin tsere da na'ura, a Ingila da Amurka da Ostireliya, sun tarar kusan 9 cikin 10 na waɗanda ake horarwa suna da gyambo a tumbi.

Tumbin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Kuma ruwan tsamin da ke narka abinci ba ya jiran lokacin ci, dare da rana yake tsatsowa, ko da abinci a ciki ko babu. An halicci dabbar ne ta wuni kai a ƙasa tana tsinkar ciyawa, awa 16 ko fiye. Duk taunar da ya yi yawu na sauka, yawun nan shi ke kashe kaifin tsamin, kuma doki ba ya yin yawun kirki sai yana tauna. Ƙasan tumbin yana da majina mai kare shi, amma saman fata ce tsirara. To dubi rayuwar dokin sukuwa: a ɗaure a turke, hatsi sau biyu, ciyawa 'yar kaɗan don kada ya yi tumbi, sannan da sassafe a fitar da shi a guje ciki wayam. Da ya miƙe da gudu cikin ya matse, tsamin ya fantsama sama ya ƙone inda babu kariya. Ka ga yadda mata ke jefa ganye a bokitin ruwa kafin su ɗora a ka, don kada ya yi ta fallatsa? Aikin da ciyawa ke yi a tumbin doki ke nan. Hatsi ba ya yin wannan. Yana shigewa da sauri, taunarsa kaɗan, in ya sauka kuma ya ruɓa ya haifi wani tsamin a kan na da. Shi ya sa dokinka ke fara ci da marmari sannan ya tsaya: yunwa na nan, zafi ne ke korar shi daga komi.

Amma kada ka ruga kemis tukuna. A kudancin Gana akwai abubuwan da ke ramar da doki waɗanda suka fi olsa saurin kisa, kuma dokin da ya taso daga busasshiyar ƙasa bai saba da su ba. Ɗaga leɓensa ka dubi dasashi. In ka gan shi fari fat ko ya yi rawaya, ko ka ga kumburi a ƙasan ciki da marainai da ƙafafu, ko zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, to zancen jini ne: ko sammore da tsando da sauran ƙudaje masu cizo ke kawowa, ko ciwon kaska. Ba banza ba ne sarakunan Asante ba su taɓa yin rundunar dawaki irin ta Dagomba ba, kurmi ba ya barin doki ya daɗe. Ka sa likitan dabbobi ya ɗebi jini a duba, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a unguwar La, akwai kuma makarantar likitancin dabbobi a Legon. Kada ka bari wani ya soka masa allurar sammore da ake kira Berenil da awon shanu don ya saba yi wa shanunsa. Doki ba ya jure wannan allurar yadda saniya ke jurewa.

Haƙora ma a duba. Haƙoran doki suna ta fitowa har tsufa, gefensu ya yi kaifi ya riƙa yankar kunci da harshe. In kana tsintar dunƙulen ciyawa da ya tauna ya tofar, ko ƙwayar masara na fita ɗungurungum a kashinsa, sai an goge masa su. A kai kashin a duba tsutsa, a ba shi magani ta baki. In kuma yana kiwo a wuri mai rairayi, irin na dawakin bakin ruwa na Labadi, zuba kashinsa a leda da ruwa, ka dama ka rataye. Yashi zai kwanta a ƙasa in yana haɗiyarsa.

In waɗannan sun fita lafiya, alamun da ka lissafa sun fi kama da gyambo. Tabbacinsa ɗaya ne, a zura na'urar leƙa ciki mai tsawon mita 3 ta hanci bayan an hana shi ci tun dare, ita kuwa ba a kowane asibiti ake samunta ba. Don haka likitoci da yawa kan fara magani su ga yadda dokin zai amsa. Maganin shi ne omeprazole, wanda mutane ma ke sha, sai dai awon ya yi nisa da namu. A doki miligiram 4 ne a kowane kilo na nauyinsa, sau ɗaya a rana, kwana 28. Dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar miligiram 1,400 ke nan kullum, wato kafso 70 na irin mai 20 da ake sayarwa a kemis. Na sha ganin mai doki ya ɓare guda uku a cikin dusa, bayan sati biyu ya ce magani bai yi ba. Ina zai yi? Kuma in aka daka ƙwayoyin da ke cikin kafson, tsamin ciki zai lalata su kafin su isa hanji. Na dawaki, irin su GastroGard, a sirinji yake zuwa kamar man goge baki, yana da tsada, ba zan ɓoye maka ba. Ka zauna da likita ya duba abin da ake samu da abin da aljihunka zai ɗauka, shi zai yanke awon, don ba duka ake haɗa su iri ɗaya ba.

Lokacin bayarwa yana da muhimmanci kamar awon. Maganin ya fi shiga jiki in ciki babu nauyi. Yadda nake yi, in na tashi asuba na tarar ya cinye ciyawar dare, sai in ba shi in wuce masallaci. Kafin in dawo an yi rabin awa zuwa awa guda, sai in zuba masa harawa. In gyambon a ƙasan tumbi yake ya fi taurin kai, likita kan haɗa da wani magani mai suna sucralfate kuma a ɗauki lokaci fiye da wata. Kada ka ƙara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta don ka ga ana haɗa wa mutane masu olsa. Ƙwayar da ke kawo ta ɗan'adam ba a tabbatar da ita a matsayin sanadin ta doki ba, hanjinsa kawai za ka dagula.

Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka ko ana ba shi bute, wato phenylbutazone. Masu sukuwa na son shi don yana danne ɗingishi, wasu dillalan kuma sun san amfaninsa ranar ciniki. Shi da danginsa na maganin ciwon gaɓɓai suna cinye kariyar tumbi da ta hanji. In akwai shi a bargarka, ɗauke.

Abinci shi ne babban aikin, don magani na warkar da gyambo ne kawai, ranar da ka daina in bargar ba ta sauya ba ciwon zai dawo. Doki na bukatar busasshiyar ciyawa kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa kullum. Na kilo 350, kilo 7 ke nan. In ɗanya ce da yara ke yankowa, mafi yawanta ruwa ne, sai ka ninka sau uku ko huɗu. Dami ɗaya da ake jefa wa doki da la'asar a ce an ba shi ciyawa, wannan buɗa-baki ne. Kada ya wuce awa 4 zuwa 5 babu abin tauna a gabansa, da rana musamman. Ka sa a saƙa maka raga mai ƙananan idanu da igiya, masu gyaran koma a Chorkor za su yi maka ita cikin sauƙi, ka cusa ciyawar dare a ciki. Zai riƙa zarowa kaɗan kaɗan maimakon ya share ta kafin ƙarfe goma ya kwana yana lasar bango.

Harawa ita ce zinariyarka, ta gyaɗa ko ta wake. Turawa na amfani da wata ciyawa mai suna alfalfa don tana da sinadarin kalsiyam da furotin masu rage kaifin tsami, harawarmu kuwa danginta ce. Motocin da ke saukowa da dabbobi daga Bawku da Tamale suna kawo ta, ka nema wajen kasuwar dabbobi ta Tulaku a Ashaiman, kuma ka saya tun kafin masu ragunan layya su tashi kuɗinta. Ka buɗe buhu ka shinshina. In ta yi fumfuna ko tana tashin ƙura, bar musu kayansu. Danshin Ankara ba ya raga wa abin da aka jibge a ƙasa, sai ka ɗora ta kan katako inda iska ke ratsawa. Wannan gargaɗin ya fi ƙarfi a kan masara: masara mai fumfuna tana taɓa ƙwaƙwalwar doki, ya kama tangaɗi yana dafa kai da bango, kuma da wuya ya tashi.

Hatsin kuma, kada ya wuce rabin kilo a ci ɗaya ga doki irin naka. Olonka guda na masara, wato gwangwanin awon hatsi na kasuwa, ya haura kilo 2, ka lissafa da kanka nawa kake zuba masa. Ka rage a hankali cikin kwana goma, ka raba sau uku ko huɗu, kullum bayan ya ci harawa. Dusar alkama ba laifi ba ce in kaɗan ce, amma in ta zama ita ce abincin, tana hana jiki amfana da kalsiyam, ƙasusuwan fuska su kumbura. Abin da zai maye gurbin ƙarfin masarar shi ne mai. Man gyaɗa ko na waken soya, ka fara da cokali uku a cikin jiƙaƙƙiyar dusa, kana ƙarawa har ya kai cikin ƙaramin gwangwanin madara a rana. Mai ba ya haifar da tsami, kuma yana sa gashi ya kwanta. Wani zai ce maka ka ba shi abincin kaji ko na turkar shanu ya yi saurin cika. Kul! Wasunsu ana sa musu wani magani mai suna monensin, ɗan kaɗan daga cikinsa yana tsayar da zuciyar doki.

Kanwa fa? Iyayenmu sun ba dawaki ita, ni ma ina bayarwa jefi jefi. Tana kwantar da tsami na ɗan lokaci, ba ta warkar da gyambo, in ta yi yawa kuma ta sa zawo. Gishiri a gefe da ruwa mai tsabta wanda ba ya yankewa sun fi ta amfani. A zafin nan doki na shan lita 30 zuwa 40, wani ya fi.

Gatsar katakon da yake yi, kada ka sa masa takunkumi. Yawancin masu wannan hali cikinsu ne ke damunsu, ko zaman kaɗaici. Ka matsar da shi inda zai riƙa ganin wani doki, ko tunkiya ma ta isa, ka sassauta masa igiya, in da fili a sake shi ya yi kiwo. Kilisa a hankali tana da kyau, tafiya kawai, kuma kafin ka ɗora sirdi ka bar shi ya ci harawa cikin tafi biyu ko uku. Masu sukuwa za su yi maka dariya, sun saba da cewa doki ba ya gudu da abinci a ciki. Su fage suke nema, kai lafiyar dokinka.

Ido na ruɗi in kana ganin dabba kullum, don haka ka ari tef wajen tela. Auna kewayen ƙirji daidai inda majayi ke zama, sannan tsawo daga tsinin kafaɗa ta gaban ƙirji zuwa ƙarshen ɗuwawu, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,877. Misali kewaye 165, tsawo 150, zai ba ka kusan kilo 344. Da wannan likita zai yanke awon magani, kai kuma ka maimaita duk sati biyu ka rubuta. Cin abinci da halinsa kan gyaru tun a satin farko ko na biyu na magani, amma nama ba ya dawowa sai an yi wata biyu zuwa uku, na gadon baya ma ya fi haka jinkiri.

Zancen hawan Sallah, in ƙashin bayansa na nan a tsaye, ka haƙura da bana. Sirdin gargajiya da kayan ado suna da nauyi, za su sale masa baya, ga wuni a rana cikin ganguna da bindiga babu ci. Ka ari wani dokin ka bi sarki da shi. In kuwa kafin nan ka ga yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima da gumi, ko kashi ya ɗauke, kira likita a daren, kada ka jira gari ya waye.

Ka turo mana awon tef ɗin da hoton dasashinsa, da abin da gwajin jini ya nuna, sai mu ga yadda za a tsara masa awon harawa da mai.