Tambayi Likita: Targaɗen ƙwallo da ƙunar kicin

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 17 yana buga ƙwallo ƙafarsa ta lanƙwashe, idon sawu ya kumbura. Kakarsa ta ce a kai shi wurin mai ɗori a ja masa. Ya za mu yi? Daga wata uwa, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. A ba Kaka haƙuri, kada a ja, kada a murza. A targaɗe, jijiyoyin da suka ɗaure gaɓar ne ke miƙewa ko su yage, galibi na gefen waje, ja kuwa ƙara yagar yake yi.

Ki fara rabe targaɗe da karaya. Akwai gwajin da likitocin birnin Otawa na Kanada suka fitar a 1992, har yau da shi ake aiki. Zai iya taku huɗu, ko da ɗingishi? Sannan ki danna bayan ƙasusuwan nan biyu da suka turo a gefen idon sawu, daga ƙarshensu zuwa santimita 6 sama, da ƙashin gefen ƙafa da ke layin ƙaramin yatsa. In ya kasa takun, ko ƙashin kansa ya yi zafi, a tafi asibiti a ɗauki hoto.

In ba haka ba, ki naɗe ƙanƙara a tawul ki ɗora minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku. Ba wuta? Ledar ruwa mai sanyi ma ta wadatar. Bandeji daga wajen yatsu ake fara naɗa shi a yi sama, kuma yatsarki ya riƙa shiga ƙarƙashinsa. Ya kwanta, a ɗora ƙafar kan matashi ta ɗara ƙirjinsa. Gashi da ruwan zafi da shafa man zafi a kwana biyun farko suna buɗe hanyoyin jini, kumburin ya ƙaru.

Kada ya daɗe a kwance. Dakta Gabe Mirkin na Amurka, wanda ya yayata tsarin hutu da ƙanƙara a 1978, shi da kansa ya dawo a 2014 ya ce yawansu na iya jinkirta warkewa. Bayan kwana biyu ko uku ya fara juya ƙafar yana takawa a hankali. Sai ya iya tsayuwa a kanta ita kaɗai, ya yi gudu ba zafi, sannan ya koma fili.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɗori mai matsewa. Yatsu suka yi sanyi, ko suka dushe, ko suka yi dundum, ko zafin ya ci gaba da ƙaruwa, jini ne ba ya wucewa. A kwance ɗorin nan take a nufi asibiti, domin a 'yan awanni tsoka ke mutuwa, har ta kai ga yanke ƙafa.

Tambaya: Likita, mai ya fantsamo min a hannu ina suya. Man goge baki yana magani? Daga wata amarya, Maraɗi.

Amsa: Ba ya yi, Amarya. Haka manja da ɗanyen ƙwai, datti kawai suke kai wa ciwon. Ki tara hannun a ruwa mai ɗan sanyi yana zuba har minti 20, ban da ƙanƙara. Cire zobe da awarwaro kafin kumburi, kada ki fasa bororo, ki rufe da tsumma mai tsabta. Ƙunar da ta fi tafin hannunki faɗi, ko ta taɓa fuska, yatsu ko gaɓa, ko ta yi fari ba zafi, ta asibiti ce.